Kawuna a Ramukan Yaƙin Biyetnam

Asabar: Shinkafi zuwa Zariya

Ƙarfe biyar saura kwata, ladan yana kiran farko, na buga ƙofar gidan Kawu Garba a Shinkafi da jakata a kafaɗa. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shekara talatin yana sayen ƙahon shanu a kasuwannin ƙasarmu, ni kuma tun da na ajiye alli nake riƙe masa waya da takardu saboda ɗan Turancin da nake ji. Mutanen da ke sayen ƙahonmu a Biyetnam, masu yin mataji da cokula da maɓallai da shi, su suka gayyace mu mu je mu ga inda kayanmu ke ƙarewa.

Amma ba don ƙaho na nace a yi tafiyar ba. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tare motar kayanmu a hanyar Zurmi, suka kashe ɗan Kawu na fari. Tun ranar da aka rufe shi Kawu ya daina magana. Mutumin da a da ake jiyo dariyarsa daga wancan gefen kara, yanzu in ka gaishe shi ya amsa, ya ci loma uku, ya yi salla, ya koma kan buzunsa ya zuba wa bango ido. Matarsa, Inna Hajo, ta biyo ni har zaure ta rage murya.

"Sani, ga kawunka nan. Ka kai shi inda ba a jin bindiga, ko kwana bakwai na. Ni dai shi dawo yana magana awa mutane, shi kaɗai nika roƙo."

Na ce mata in Allah ya yarda. Da ƙarfin gwiwa na faɗa, don a lokacin gani nake na san abin da nake yi.

Sammakon namu na banza ne. Mun isa tasha biyar da rabi, amma ba motar da ta motsa sai takwas da minti goma, da jami'an tsaro masu rakiya suka buɗe hanya. Da na yi ƙorafi, direba ya dube ni ya ce, "Malam, wanda duk yay yi sammako ga wagga hanya, da mutanen daji za shi karin kumallo." Shinge bakwai na ƙirga kafin Ƙaura, kuma ba inda aka leƙa bayan mota, hannun direba kawai ake dubawa. Raina ya soma ɓaci tun ban fita ƙasar Zamfara ba. Muka canza mota a Ƙaura, muka ratsa Gusau sha biyu da rabi, muka yi la'asar a Funtuwa, muka kwana Zariya gidan wani abokin cinikinmu. Duk yinin nan kalma ɗaya na ji daga bakin Kawu, da ya ce a miƙo masa ruwa.

Lahadi zuwa Talata: Abuja, Doha, Saigon

Jirginmu ya tashi daga Abuja ranar Lahadi da yamma. Wajen awa bakwai zuwa Doha, muka jira har ƙafafuna suka kumbura, sannan kusan awa takwas zuwa Saigon. Agogonsu ya riga namu da awa shida. Wani gajeren mutum mai furfura yana tsaye da kwali ɗauke da sunana, an rubuta shi a karkace. Shi ne Mista Tuwan, tafintan masana'antar da ta gayyace mu, ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mutum mai yawan murmushi da saurin tafiya.

Duk mai ganin Ƙaura ta cika da 'yan kabu-kabu ya zo Saigon ya ga iyayen gidansu. Babura ne ko'ina, har bisa dakalin masu tafiya a ƙasa. Tuwan ya koya mana tsallaka titi: ka shiga a hankali, kada ka tsaya, kada ka yi gudu, su za su kauce maka. Ya sauke mu a wani ƙaramin masauki kusa da babban masallacin da Indiyawa suka gina, inda ake samun abincin halal. Taliyar shinkafa ce cikin romon naman sa da ganyaye, kwano ɗaya dubu saba'in na kuɗinsu. Na zaro ido, sai da Tuwan ya nuna mini cewa sifilinsu ne ke da yawa. An ba mu tsinke biyu mu ci da su. Na yi kokawa da su har romo ya wanke mini gaban riga, Kawu kuwa ya ture nasa gefe ya ɗaga kwanon ya kurɓa.

Ranar Talata aka kai mu masana'antar, tafiyar minti arba'in. Mata ne yawanci, suna yankan ƙaho suna gogewa har ya yi ƙyalli. Kawu ya ɗauki wani mataji ya juya shi a haske, ya shafa da babban yatsa, ya ce, "Wanga na rahaji na." Wato na jajayen shanun nan masu dogon ƙaho. Kalma huɗu a jere, ba wanda ya tambaye shi! Daɗi ya kama ni har na ji kamar in kira Inna Hajo nan take.

Da yamma Tuwan ya ce maigidansa ya ba mu kwana biyu na yawon buɗe ido. Ko dai mu shiga kwalekwale mu ga kasuwannin kan ruwa da gonakin 'ya'yan itace, ko mu zaga wuraren tarihi. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina koya wa yara tarihin da ban taɓa gani da idona ba, ban ko waiwayi Kawu ba na ce tarihi. Kwaɗayina na bi, kuma ba zan ɗora wa kowa laifin ba.

Laraba: cikin gari

Ƙarfe takwas muka fara da babban gidan waya da Faransawa suka gina lokacin mulkinsu. Gini ne mai ruwan ɗorawa, rufinsa a lanƙwashe kamar tashar jirgi, da tsofaffin taswirori a bango. Har yau ana aiki a ciki, na ga wata tsohuwa tana manna kan sarki a wasiƙa. Daura da shi akwai majami'a ta jan bulo, an kewaye ta da ƙarafa ana gyara. Na tambayi Tuwan me ya sa suke lallashin kayan mutanen da suka zalunce su.

"Su suka zana, kakanninmu suka ɗauki bulon a ka," in ji shi. "In ya rushe, wahalar wa ta tafi a banza?"

Sai na tuna tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, inda layin dogo ya ƙare, inda kakanninmu suka yi dakon gyaɗa da auduga har bayansu ya tanƙware. Yau ciyawa ta cinye dogon, awaki ke shan inuwa, kuma ka tambayi matashi goma waye ya gina ta, tara za su ɗaga maka kafaɗa. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Muka leƙa tsohuwar fadar shugaban ƙasa, mai tankokin yaƙi biyu a kan ciyawa, sannan sha ɗaya da kwata muka shiga gidan tarihin yaƙi. A tsakar gida an jera jirage da tankoki da kwanson bama-baman da Amurkawa suka bari. A gefe guda ga injin sare kai da Faransawa suka kawo, wuƙarsa na rataye a sama, ga kejin waya mai ƙaya da ake cusa mutum a ciki, ba ya iya zama ba ya iya miƙewa. Kaza ma ba za ka yi wa haka ba. Waɗannan fa su ne mutanen da suka zo koya wa duniya wayewa! A gaban kejin kuma wasu baƙi biyu suna ɗaukar hoto, suna washe haƙora da yatsu biyu a sama.

A bene aka ajiye hotuna. Ƙauyukan da aka ƙone, da yaran da aka haifa a naƙashe saboda gubar da aka yi ta fesa wa dazuzzuka. Na shagala da karatu, can na waiwaya ban ga Kawu ba. Na same shi a gaban hoton wani tsoho da ya tsuguna a bakin hanya, kusa da gawarwaki a naɗe cikin tabarmi. Ya fi minti ashirin a wurin. Da na taɓa kafaɗarsa, sai ya nuna rubutun da ke ƙasa.

"Mi anka rubuta nan?"

"Sunan ƙauyen ne, Kawu, da ranar da abin ya faru, da sunayensu."

"Su duka?"

"Su duka."

Ya koma kallon hoton. Ni kuwa na tuna yadda rediyo ya ba da labarin namu: an kashe mutane da dama a wata hanya a Zamfara, sai aka wuce labarin wasanni.

Alhamis: ramukan Cu Chi

Mai hankali da ya ga haka sai ya soke tafiyar washegari. Ni ban soke ba. Bakwai da rabi muka tashi, kilomita kusan saba'in arewa maso yamma, awa biyu saboda cunkoso, muna ratsa gonakin roba da shinkafa. A nan ne mutanen ƙauye suka haƙa ramuka a ƙarƙashin ƙasa suka zauna shekaru, da ɗakin girki da na jinya, sama ana ruwan bama-bamai. Wani jagora mai koren kaki ya share ganye da ƙafa, ya ɗaga wani murfi da bai fi faifai biyu ba, ya zura jikinsa ya ɓace. Ya nuna mana tarkunan gora masu tsini, da ramukan shan iska da aka ɓoye a jikin suri.

Na shiga ramin da aka faɗaɗa don baƙi, na yi rarrafen mita ashirin, na fito da zufa sharkaf da yagaggen aljihu. Kawu bai shiga ba, yana kan benci. Daga nan aka kai mu wata rumfa inda wata tsohuwa ke raba dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa da gishiri, wai abincin mayaƙansu ke nan. Na ce wa Kawu ashe mun daɗe muna cin abincin jarumai a Shinkafi ba mu sani ba. Na rantse na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya kai rogon baki ke nan sai muka ji ta.

Ba ƙarar da ɗan Zamfara zai yi kuskurenta ba ce, irin bindigar nan ce mai jigida, kuma kusa. Kawu ya watsar da rogon, ya fizgo rigata da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Kwanta! Sani, kwanta! Sun zaka!"

Na kwanta, ba zan ɓoye ba, don ni ma jikina bai tsaya shawara da ni ba. Kawu ya ja ciki cikin laka har bayan wani suri, hularsa ta faɗi, babbar rigarsa ta naɗe masa a wuya. Dattijo ɗan shekara sittin da biyar, alhaji, mai jikoki. Da na ɗaga kai sai na ga kowa a tsaye. Ashe a ƙarshen wurin akwai fili inda baƙi ke sayen harsashi su harba don nishaɗi. A wurin da aka kashe dubban mutane, nan ake sayar da harbi kamar rake!

Sai dariya ta tashi. Wani saurayi Bature mai gajeren wando ya matso da wayarsa yana ɗaukar Kawu, abokansa suna riƙe ciki. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fara da Hausa, na zazzage masa abin da ba zan rubuta a nan ba, sannan na tuna ba ya ji, na koma Turanci. Na ce masa abin da ya biya kuɗi ya zo wasa da shi, shi muke kwana da shi muke tashi da shi. Na ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, amma na kasa juya ta yadda zai gane, sai na ce masa kawai ya goge abin da ya ɗauka. Tuwan ya shiga tsakaninmu, murmushin nan nasa ya ɓace, ya tsaya a kan saurayin har ya goge a gabanmu. Saurayin ya ce a yi haƙuri, bai sani ba. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni haushi, don yanzun nan ya fito daga cikin ramin.

Tsohuwar mai rogo ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko hular Kawu ta kakkaɓe, ta miƙa masa da hannu biyu, ta zuba masa shayi. Ta yi magana, Tuwan ya fassara: mahaifiyarta har ta mutu in aka yi tsawa ƙarƙashin gado take shiga.

A mota na ba Tuwan labarin hanyar Zurmi. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce shi ma yaƙi ya ci wansa, kuma duk shekara ranar da ya mutu sukan taru a dafa abinci a kira sunansa, don yaran gidan su san an yi shi. Ya juyo ya dubi Kawu ya ce mini, "Tambaye shi, yaya sunan ɗan nasa?"

Na ƙi fassarawa. A wurinmu dattijo irin Kawu ba ya kama sunan ɗansa na fari, kunya ce. Tun yana raye "wancan" yake ce masa, ko "yaron nan", bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kuma ranar jana'iza ma mutane sun yaba yadda ko hawaye bai yi ba.

"Mi yac ce?" in ji Kawu.

"Ba komai, Kawu."

"Sani, mi yac ce?"

Na gaya masa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya juya fuska wajen gonakin roba, har muka shiga gari bai juyo ba.

Juma'a zuwa Lahadi

Mun yi sallar Juma'a a masallacin Indiyawan nan tare da Musulmin ƙasar. Bayan nan Kawu ya ƙi abinci, gaisuwar ma ya daina amsawa. Inna Hajo ta kira, na ce mata lafiya lau, muna ta yawo. Da na ajiye wayar na ji kunyar kaina. An ba ni amanar mutum a ce in nisanta shi da bindiga, na keta rabin duniya na kai shi bakinta, garin neman ƙiba na samo rama. Ranar Asabar Tuwan ya raka mu filin jirgi, ya ba Kawu matajin nan na ƙahon rahaji. Muka sauka Abuja Lahadi, muka kwana Gusau.

Litinin: Ƙaura da hanyar Zurmi

Tara da rabi muna tashar Ƙaura. Na nufi layin motocin Shinkafi da jakunkuna, sai na ga Kawu ya miƙe zuwa inda ɗan kamasho ke kiran Zurmi. Na bi shi da gudu.

"Kawu, ba nan ba ne."

"Na sani. Shiga."

Mu bakwai ne a motar, har da wata dattijuwa mai ƙullin kayan miya da wani malamin asibiti. Ba mai magana, don a hanyar nan kowa daji yake kallo. Mun yi kamar minti ashirin da biyar, muna dab da wani kwalbati mai tsamiya a gefe, sai Kawu ya dafa kafaɗar direba.

"Tsaya nan."

"Baba, nan? Wallahi ko taya ta hwashe ba ni tsayi nan. Ina da ɗiya ƙanana."

"Ni ma ina da. Tsaya."

Malamin asibiti ya fara faɗa, yana cewa za a jawo musu bala'i. Ban san abin da direban ya gani a madubi ba, amma ya taka birki, bai kashe mota ba. Kawu ya fita, na bi shi. Ba komai a wurin. Gero ne ya yi kai, da ledoji a maƙale a ƙaya. Ko gawayin motarmu babu, 'yan gwangwan sun yanka sun kwashe tuntuni. Na yi ta dube-dube ko zan ga alama ɗaya da zan nuna wa wani in ce ga shi, ban samu ba.

Kawu ya juyo ya fuskanci motar, ya ɗaga murya yadda na ciki za su ji.

"Jama'a, nan na. Nan anka kashe Lawali. Lawali ɗana, na hwari. Da hantsi, yana ɗauke da ƙaho za shi Ƙaura. Shi da direbanshi Isa, mutumin Moriki. Shekarunshi ashirin da takwas, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba."

Muryarsa ta karye a kan sunan, amma ya sake faɗa. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, hawaye na bin gemunsa bai share ba, na ji "amin" daga cikin mota, har da malamin asibiti. Duka bai fi minti uku ba muka koma.

Mun ɗan taɓa tafiya sai dattijuwar ta yi magana, ba ta dubi kowa ba. "Nawa can gaba kaɗan na, wajen gada. Sunanshi Bello."

Ba wanda ya ce wa direba komai. Da muka iso gadar ya rage gudu da kansa, ya gangara gefe ya tsaya. Dattijuwar ba ta fita ba, ta dai sauke gilashi ta faɗi abin da za ta faɗa, muka shafa. Kafin mu shiga Zurmi ya sake tsayawa a wata kwana, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ce wannan ta ƙanensa ce, Sama'ila, kuma shekara uku yana wuce ta kullum da gudu.

Daga Zurmi muka juyo Ƙaura muka kwana, Talata sha ɗaya da rabi muka shiga Shinkafi. Kawu ya yi sallama da ƙarfi tun daga zaure, ya ce wa Inna Hajo ta kawo fura, kuma ta zauna, yana da magana da ita.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Mista Tuwan da tsohuwar mai rogo, da direban Zurmi da ban ko tambayi sunansa ba. Haushina kuwa bai huce ba. Can sai da muka sayi tikiti muka bi jagora kafin a nuna mana inda aka kashe mutane. A nan motar haya ɗaya ce mai mutum bakwai, a hanyar da ba ta kai awa ɗaya ba, kuma sau uku muka tsaya.